Labarin Ƙuruciyar Jamsetji Tata da Karatunsa

Watakila ka taɓa tsayawa bakin hanya babbar mota ta wuce ka da kaya, ka dubi goshinta ka ga baƙaƙe huɗu a jere. Da, zane kurum ka ke gani. Yanzu da ya ke ka iya karatu, sai ka haɗa su ka ce, Tata. To, Tata sunan wani gida ne a ƙasar Hindu, wadda a ke kira Indiya. Mutumin da ya fito da sunan gidan nan har duniya ta san shi, sunansa Jamsetji Nusarwanji Tata. Shi kansa bai ga motocin ba, gama ya rasu tun 1904, magadansa ne suka ƙera su daga baya. Amma shi ya kafa tushen.

A cikin wannan darasi za mu ba ka labarin ƙuruciyarsa, da wuraren da ya yi karatu, da yadda karatun ya amfane shi ran da dukiyar gidansu ta nutse, yana ɗan shekara 26, a baƙuwar ƙasa. Ka karanta sannu sannu. In ka zo ga sunan da ya yi maka nauyi a baki, ka rarraba shi gaɓa gaɓa, sa'an nan ka wuce.

1. SU WANE NE FARSAWA?

Jamsetji Bafarse ne. Farsawa, waɗanda mutanen Hindu ke kira Parsi, asalinsu daga ƙasar Farisa su ke, watau Iran ta yanzu, ƙasar sarakunan nan da Larabawa ke kira Kisra. Addininsu tsoho ne ƙwarai. Suna bin koyarwar wani mutum mai suna Zaradusht, littafinsu kuwa sunansa Abesta. A littattafan Larabci Majusu a ke ce da su. Suna da ɗakunan ibada inda a ke hura wuta, ba a barinta ta mutu dare da rana, sabo da haka waɗansu ke ce musu masu bautar wuta. Su kuwa sun ce Ubangiji ɗaya su ke bauta wa, wanda su ke kira Ahura Mazda, wutar alama ce ta haskensa da tsarkinsa. Abin da su ke fara koya wa yaro shi ne kyakkyawan tunani, da kyakkyawar magana, da kyakkyawan aiki.

Mulkin sarakunan Farisa ya faɗi a hannun Larabawa, sarkinsu na ƙarshe ya mutu cikin shekara ta 651. Bayan wannan, sannu a hankali, mafi yawan mutanen ƙasar suka musulunta. Waɗansu da suka riƙe addinin kakanninsu suka shiga jiragen ruwa suka nufi gabas, suka sauka a gaɓar ƙasar Gujarat, yammacin Hindu, a wani gari wai shi Sanjan. Yau fiye da shekara 1,000 ke nan.

Farsawa suna da wani labari da su ke ba 'ya'yansu game da wannan sauka. Wai da suka nemi wurin zama, sai sarkin ƙasar, Jadi Rana, ya aika musu da ƙwarya cike fal da madara, watau yana nufin ƙasarsa ta cika, ba masaka tsinke. Sai babban malaminsu ya ɗebi sukari ya zuba a ciki a hankali, madara ba ta zuba ba, ya mayar wa sarki. Sarki ya kurɓa ya ji zaƙi, ya gane amsar: baƙin nan ba za su matsa wa kowa ba, sai dai su ƙara wa ƙasa daɗi. Ya yardar musu su zauna, bisa sharaɗin su ajiye makamai, su koyi harshen Gujarat, matansu su yi shiga irin ta matan ƙasar. Suka yarda, suka cika alkawari.

Ba su taɓa yin yawa ba. A ƙidayar da aka yi a Indiya cikin 2011 ba su kai 60,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 1,200. Amma sunansu ya fi yawansu nesa.

2. NABSARI, GARIN MALAMAI

An haifi Jamsetji ran 3 ga watan Maris, 1839, a Nabsari, wani gari a ƙasar Gujarat, kudu da birnin Surat kaɗan. Nabsari garin malaman Farsawa ne. Wutar nan tasu mafi girma, wadda su ke kira Iranshah, ta yi kimanin shekara 300 a garin kafin a kai ta Udbada, inda ta ke har yanzu. A wurinsu malanta gado ce, ɗan malami shi ke zama malami. Gidan Tata kuwa gidan malamai ne, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, tun kaka da kakanni. Suna da daraja a gari, amma ba su da dukiya.

Uban Jamsetji, Nusarwanji, yana ɗan shekara 17 aka haifa masa shi, gama a zamanin nan da wuri a ke yi wa yara aure. Sunan uwarsa Jibanbai. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, sauran duk mata ne. Nusarwanji shi ne na fari a zuriyarsu da ya bar hanyar gado ya kama fatauci. Ya tafi birnin Bombai neman arziki, ya bar yaron a gida.

A nan Nabsari Jamsetji ya yi karatunsa na fari. Kowane yaron Farsawa, tun bai balaga ba, a kan yi masa wani biki mai suna Nabjot. A ranar a kan sa masa wata farar taguwa, a ɗaura masa wata igiya ta gashin tunkiya mai zare 72 a gindi, ta zagaye shi sau uku. Daga ran nan, kullum sai ya kwance ta ya sake ɗaurawa yana addu'a, don ya tuna alkawarin da ya ɗauka na gaskiya a zuci da baki da hannu. Ban da addu'o'i, ya koyi karatu da rubutu da harshen Gujarat, ya kuma koyi lissafi da ka, irin wanda yaran ƙasar ke haddacewa, su yi tarawa da ɗebewa da ninkawa ba allo ba takarda.

Kada ka rena wannan karatu don na ƙaramin gari ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Za ka ga nan gaba yadda abin da aka shuka masa a Nabsari ya tsira a birnin London.

3. BOMBAI

Da ya kai kimanin shekara 14, sai ubansa ya kira shi Bombai, birnin da aka sake wa suna Mumbai cikin 1995. Tsakanin Nabsari da Bombai kamar mil 150 ne, a lokacin kuwa ba a riga an shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa tsakaninsu ba.

Bari mu gaya maka kaɗan daga labarin birnin nan, don ka san inda yaron ya sauka. Da can tsibirai bakwai ne a bakin teku, a hannun Turawan Fotugal. Cikin 1661 aka ƙulla yarjejeniyar auren Sarkin Ingila, Carles na Biyu, da 'yar Sarkin Fotugal, aka ba shi tsibiran cikin kayan aure. Shi kuma cikin 1668 ya ba wani kamfanin fataken Ingila hayarsu, fam 10 a shekara. Kamfanin nan shi ne ya yi ta ƙarfi har ya mallaki mafi yawan ƙasar Hindu. Tun da ya ke wurin yana da kyakkyawar tashar jiragen ruwa, sai fatake suka yi ta tahowa daga ko'ina, aka cike tsakanin tsibiran da ƙasa, suka zama gari guda.

Farsawa suna cikin waɗanda suka fara zuwa. Waɗansu suka zama tafintoci da dillalai tsakanin Turawa da mutanen ƙasa. Gidan Wadiya suka shahara da sassaƙa manyan jiragen ruwa tun daga 1736. Wani attajirinsu, Jamsetji Jijibhoi, wanda ya tashi maraya matalauci, ya yi arziki da fataucin ƙasar Sin, ya ba da kuɗi aka gina babban asibiti wanda har yau a ke kiransa da sunansa. Yana da rai sa'ad da yaron nan ya iso birnin.

Jamsetji ya zo a kan gaɓa. Ran 16 ga watan Afrilu, 1853, jirgin ƙasa na fari mai ɗaukar mutane a ƙasar Hindu ya tashi daga Bombai zuwa Tana, mil 21. Cikin 1854 wani Bafarse mai suna Kawasji Dabar ya kafa kamfanin da ya gina ma'aikatar kaɗa zare ta fari a birnin, mai aiki da tururi. Ka ga yaron da ya saba da garin malamai, inda yau kamar jiya ta ke, ya buɗe ido ya ga duniya tana sake kama a gabansa.

4. MAKARANTAR ELFINSTON

Nusarwanji bai yi zurfin karatu ba. Amma zama cikin fataken Bombai ya nuna masa abu guda: duk takardun ciniki na nesa, da na banki, da na shari'a, da Turanci a ke rubuta su, wanda bai iya ba kuwa dole ya ci da hannun wani. Yana iya sa yaron a kanti tun ran da ya zo, ya huta da biyan akawu. Sai ya ƙi, ya sa shi makaranta.

Makarantar sunanta Elfinston. An sa mata sunan wani Gwamnan Bombai ne, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1827. Da zai bar aiki, manyan mutanen ƙasar, Hindu da Musulmi da Farsawa, suka tara kuɗi don a ɗauko malamai su koya wa 'ya'yansu Turanci da ilmin zamani. Daga cikin ɗaliban da ta fitar akwai Dadabhai Naoroji, Bafarse shi ma, wanda ya zama babban malamin lissafi a makarantar, daga baya kuma, cikin 1892, aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Ingila.

Jamsetji ya fara daga ƙananan azuzuwa. Cikin 1856 ya shiga sashen manya, watau kwaleji. A nan a ke koyar da Turanci da littattafansa, da lissafi mai zurfi, da tarihi, da ilmin halittun duniya. Ya gama cikin 1858, aka ba shi laƙabin da su ke kira Girin Sikola, wanda ya ke daidai da digiri a zamanin, gama Jami'ar Bombai cikin 1857 aka kafa ta, ba ta riga ta fara ba da nata digirin ba.

An ce a wani ɗan ɗaki can ƙolin bene ya ke karatu, dab da rufi. Wata rana aka yi wata babbar guguwa daga teku, har jirage suka tsinke daga inda aka ɗaure su. Ubansa ya sheƙo daga wurin aiki, ya tarar da shi a ɗakin yana kan littafi, ya matsa masa sai ya sauko. Saukowarsu ke da wuya iska ta yaye ɗakin ta watsar.

Babban abin da ya fita da shi daga makarantar nan shi ne son karatu. Waɗansu in sun karɓi takardar shaida sai su rufe littafi, su ce an gama. Shi kuwa bai rufe ba har ya mutu. Yana karanta littattafan hira na marubutan Ingila irin su Dikens, yana karanta jaridu, da littattafan sana'a, da na itatuwa da shuke-shuke. In ya ji wani abu sabo, sai ya nemi takardar da ta yi bayaninsa.

Yana ɗalibi aka yi masa aure da wata yarinya mai suna Hirabai. Cikin 1859 ta haifa masa ɗansa na fari, Dorabji. Shekarun nan kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Cikin 1857 sojoji da sarakuna da talakawa da yawa a arewacin Hindu suka tayar wa mulkin kamfani, aka yi yaƙi mai tsanani, aka zubar da jini da yawa. Cikin 1858 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin daga hannun kamfanin ta riƙe da kanta.

5. TAFIYA ƘASAR SIN

Da ya bar makaranta ya ɗan taɓa aiki a ofishin wani lauya, amma bai daɗe ba. Cikin 1859 ya shiga cinikin ubansa. Ƙarshen shekarar nan uban ya aike shi Hong Kong, wani tsibiri a gaɓar ƙasar Sin wanda ke hannun Ingila a lokacin, don ya buɗe musu reshe. Yana ɗan shekara 20. Daga nan kuma ya wuce Shanghai.

Abin da su ke sayowa daga Sin shi ne ganyen shayi, da siliki, da kafur, da kirfa, da tagulla, da zinariya. Abin da su ke kaiwa kuwa auduga ne da ofiyam. Ofiyam ƙaron wani tsiro ne mai sa maye, wanda in mutum ya saba da shi ba ya iya bari. A zamanin nan dokar Turawa ta halatta cinikinsa, manyan fatake da yawa na Bombai da na Ingila da shi suka yi kuɗi. Amma ya lalata mutanen Sin ba iyaka, har sau biyu Ingila ta yaƙi Sin a kan wannan ciniki. Ba a ɓoye wannan in ana ba da labarin arzikin Bombai, gidan Tata ma da hannunsu a ciki.

Tafiya mabuɗin ilmi. A Sin ya koyi abin da ba a koyarwa a aji: yadda a ke gane kaya mai kyau da marar kyau, da yadda a ke canjin kuɗin wata ƙasa da na wata, da yadda a ke ɗaukar hayar jirgi, da wanda za a ba bashi da wanda za a hana. Ya komo gida cikin 1863, ya tarar da Bombai ta haukace.

6. AUDUGA TA HAU

Ga abin da ya faru. Masaƙun Ingila, musamman na wajen birnin Mancesta, daga Amurka su ke samun mafi yawan audugarsu. Cikin 1861 yaƙin basasa ya tashi a Amurka tsakanin jihohin arewa da na kudu, a kan maganar bauta. Jiragen yaƙin arewa suka tsare tashoshin kudu, inda a ke noman auduga, ba ta fita. Injuna suka tsaya a Mancesta, ma'aikata dubbai suka rasa abinci. Sai masu masaƙu suka juyo ga audugar Hindu, wadda da su ke renawa. Kuɗinta ya ninka, ya sake ninkawa.

Kuɗi suka yi ta kwararowa Bombai kamar ruwan sama. Mutane suka rasa inda za su sa su, sai aka shiga kafa bankuna da kamfanoni barkatai, ana sayar da hannun jari. Hannun jari takarda ce mai shaida cewa kana da rabo a cikin wani kamfani. In kamfanin yana cin riba takardar tana da daraja, in ya karye ta zama takardar ƙunsa ƙosai. A shekarun nan mutum ya kan sayi takarda da safe ya sayar da yamma da riba, bai ko tambayi abin da kamfanin ke yi ba. Babban jagoran wannan kasuwa wani dillali ne mai suna Premcand Roicand. Nusarwanji da abokan cinikinsa suka haɗa hannu da shi.

Aka shirya a buɗe reshe a London, aka ga ba wanda ya dace sai Jamsetji, tun da ya ke ya iya Turanci, ya kuma san cinikin nesa. Ƙarshen 1864 ya shiga jirgi, jakarsa cike da takardun kuɗi da na hannun jari.

7. AUDUGA TA SAUKO

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Cikin watan Afrilu, 1865, yaƙin Amurka ya ƙare. Kowa ya san audugar Amurka za ta komo kasuwa, sai kuɗin ta Hindu ya faɗi warwas. Waɗanda suka ci bashi suka sayi takardu aka ce su biya, ba abin biya. Bankuna suka karye bi da bi, Premcand ya karye, attajirai da yawa suka wayi gari ba su da ko anini. Takardun da ke jakar Jamsetji suka zama banza.

To, dubi halin da ya ke ciki. Saurayi ne ɗan shekara 26, baƙo, daga ƙasar da Turawa ke mulka. Ubansa yana can bayan teku, wasiƙa sai ta yi makonni kafin ta kai, amsa kuma ta yi makonni kafin ta komo. Masu bin bashi kuwa suna nan London, bakin ƙofa. Wani a wannan hali sai ya sulale ya shiga jirgi da dare. Wani sai ya ɓoye abin da ya rage, ya rantse ba kome.

Jamsetji ya tsaya. Ya gana da masu bin bashin da ma'aikatan banki, ya buɗe musu littattafan ciniki, ya yi musu bayani da harshensu dalla dalla: ga abin da aka saya, ga abin da aka sayar, ga abin da ya salwanta, ga abin da ya rage. Suka duba lissafi suka ga ba ha'inci. Sai suka yi abin da ba a saba yi ba. Suka naɗa shi, shi da su ke bi bashi, ya zama wakilinsu mai tattara sauran dukiyar kamfanin ya sayar ya raba musu, suka yanka masa albashi fam 20 a wata. A Bombai kuma Nusarwanji ya sayar da gidansa don a biya mutane.

Ka lura da abin da ya fid da shi. Da bai iya Turanci da lissafi ba, da sai ya nemi tafinta da akawu, maganarsa ta bi ta bakin wani, ba mai ganin zuciyarsa. Wannan amfanin Elfinston ke nan. Da kuma ya iya su amma ba shi da gaskiya, da iyawar ta zama masa makamin zamba, a kama shi ko ba jima ko ba daɗe, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan kuwa amfanin Nabsari ne. Dukiya ta tafi, sunan gidan ya tsira, da sunan nan kuma aka sake ba su amana daga baya.

8. ƊALIBI A MASAƘA

Aikin raba dukiyar nan ya tsare shi a Ingila, amma bai zauna yana zullumi ba. Ya riƙa zuwa Mancesta yana shiga masaƙu, yana duban injuna, yana tambaya. Ya ga audugar ƙasarsu ce a ke ɗaukowa a jirgi, a kaɗa ta, a saƙa, a mayar musu da ita tufa su saya da tsada. Ya ƙudura a ransa cewa abin da a ke yi a Mancesta ana iya yinsa a Hindu.

Ana nan sai wani yaƙi ya ɗaga gidansu, kamar yadda ƙarewar wani ya kayar da shi. Sarkin Habasha, Tewodoros, ya tsare waɗansu Turawa, Ingila ta aika da runduna daga Bombai ƙarshen 1867, suka ci dutsen Magdala cikin 1868. Nusarwanji da abokansa suna cikin waɗanda aka ba kwangilar kai wa rundunar abinci da kaya, suka sami riba mai yawa.

Cikin 1868 Jamsetji, yana da shekara 29, ya kafa kamfanin kansa da jarin rufi 21,000. Rufi shi ne kuɗin ƙasar Hindu. Cikin 1869 ya sayi wata ma'aikatar matsar mai da ta karye a Bombai, ya mai da ita ta auduga, bayan shekara 2 ya sayar da riba. Ya sake komawa Ingila ya ƙaro sani. Sa'an nan cikin 1874 ya kafa sabon kamfani, ya ce a Nagfur zai gina masaƙarsa, can tsakiyar ƙasa, kamar mil 500 daga Bombai. Mutane suka yi masa dariya, gama kowa a Bombai ya ke ginawa. Shi kuwa ya riga ya yi lissafi: a can a ke noman audugar, gawayin ƙasa yana kusa, jirgin ƙasa ya kai garin, masu sayen tufa kuma suna kewaye. Aka buɗe masaƙar ran 1 ga watan Janairu, 1877.

A nan ma ya yi kuskure. Injunan da ya fara saye masu araha ne, zaren da su ke fitarwa ba shi da kyau. Araha ba ta ado. Da ya gane, bai yi gardama ba, ya sake su da masu kyau, daga baya ma ya gwada wani sabon irin mazari da aka ƙago a Amurka, tun yawancin masaƙun Ingila ba su karɓe shi ba. Masaƙar ta yi albarka ƙwarai. Cikin 1886 ya kafa wa ma'aikatansa asusun fansho, cikin 1895 ya fara biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, tun doka ba ta tilasta wa kowa yin haka ba.

9. YA BUƊE WA WAƊANSU ƘOFA

Mutumin da ilmi ya cece shi bai manta ba. Cikin 1892 ya ware kuɗi don a riƙa ba samarin Hindu masu ƙwazo rance su tafi ƙasashen waje neman ilmi mai zurfi, ba a duban addininsu ko asalinsu. Cikin waɗanda aka fara aikawa har da mata masu koyon aikin likita. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci amfanin asusun nan daga baya, K. R. Narayanan, ɗan talakawa ne, ya zama Shugaban Ƙasar Indiya daga 1997 zuwa 2002.

Cikin 1898 ya yi alkawarin gidaje da filaye na rufi 3,000,000 don a kafa babbar makarantar binciken kimiyya. Ya kuma yi niyyar kafa ma'aikatar narka ƙarfe, da ta samar da wutar lantarki daga ƙarfin ruwa. Bai ga ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ya rasu ran 19 ga watan Mayu, 1904, a wani gari mai suna Bad Nauhaim a ƙasar Jamus, yana da shekara 65. Ɗansa Dorabji da 'yan'uwansa suka cika masa buri. Aka kafa kamfanin ƙarfe cikin 1907, aka kafa makarantar a birnin Bangalor cikin 1909, wutar lantarkin ta iso Bombai cikin 1915. Ƙauyen da aka gina ma'aikatar ƙarfen ya zama babban birni, cikin 1919 aka sa masa suna Jamshedfur don tunawa da shi.

Kai mai karatu, watakila ka ce shi da ƙuruciya ya fara, ubansa kuma ya tsaya masa, kai kuwa sai da ka girma ka kama fensir. Gaskiya ne. Amma ka tuna shekarunsa a kwaleji kaɗan ne, sauran duk da ya sani da gemunsa ya koya, a tashar jirgi, da gaban masu bin bashi, da tsakanin injuna, yana tambaya ba ya jin kunya. Gemu ba ya hana ilmi. Wanda ya iya karanta takardar da zai sa wa hannu, ya iya duba lissafin da aka yi masa, ya kuma riƙe gaskiya ran da ta yi tsada, ya sami irin jarin da Jamsetji ya rage da shi a London.

TAMBAYOYI

1. Daga wace ƙasa Farsawa suka fito, a ina kuma suka sauka?
2. Mene ne sarki ya ke nufi da ƙwaryar madara? Mene ne malamin ya ke nufi da sukari?
3. A wace shekara aka haifi Jamsetji? Shekararsa nawa cikin 1877?
4. Don me Nusarwanji ya sa ɗansa makaranta maimakon kanti?
5. Yaya yaƙin Amurka ya tayar da kuɗin auduga a Bombai, yaya kuma ƙarewarsa ta kayar da shi?
6. Mene ne hannun jari?
7. In albashin mutum fam 20 ne a wata, nawa zai samu a shekara?
8. Don me masu bin bashi suka amince da Jamsetji? Rubuta amsarka cikin layi uku, ka karanta wa abokinka.